Filin Lafiya: Idan abinci ya kayar da jini

Wasiƙu shida na ware a wannan fitowar, duk kan magana ɗaya: mutum ya ci abinci, ba a jima ba gabansa ya hau dukan uku-uku, ko bakinsa ya kumbura, ko ya yanke jiki ya faɗi. Masu tambaya kan ciwon suga ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum, na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan shekara 38 ne, lafiyarsa ƙalau. Tun yana yaro in ya ci gyaɗa maƙogwaronsa kan yi ƙaiƙayi, shi ya sa ba ya cinta, amma yakan taɓa tsire jefi-jefi, ƙaiƙayin ya zo ya wuce. Ranar wata Asabar ya dawo daga ƙwallo da yamma gwiwarsa na ciwo, ya sha maganin ciwon jiki, diclofenac aka rubuta a kwalin. Bayan magariba abokinsa ya kawo tsire, ya ci tsinke uku. Ba a yi minti ashirin ba borin jini ya feso masa, leɓensa ya kumbura, ya ce zuciyarsa kamar za ta faso ƙirji, yana ganin jiri. Ya miƙe zai shiga banɗaki, sai ya zube. A asibiti an ce jininsa ya sauka zuwa 70 bisa 40. Allah ya sa da sauran shan ruwa. Likitan ya ce gyaɗa ce. Surukata kuwa ta ce ba ta taɓa jin gyaɗa ta sumar da ƙato ba, ko dai ciwon zuciya yake ɓoye mana, ko an sa masa hannu. Na rasa wa zan bi.
— Wata uwargida daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya. Ki bi likitan. Abin da kika zayyana shi ne muke kira anafilaksis, mafi tsananin borin da jiki ke yi wa wani abu da ya shige shi. Inna, surukarki, ba ta kauce gaba ɗaya ba da ta ambaci zuciya, don lallai zuciyar ta ji jiki a daren. Amma ba ita ta tayar da rigimar ba, janyo ta aka yi.

A jikin kowa akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast. Suna jibge a fata, da hanci, da huhu, da hanji, da gefen jijiyoyin jini, har cikin naman zuciya. Kowace tana ƙunshe da sinadarai masu ƙarfi, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne histamin. Garkuwar jikin maigidanki ta daɗe da yi wa furotin ɗin gyaɗa shaidar abokin gaba, ta ƙera wani abu mai suna IgE ta liƙa a jikin waɗannan ƙwayoyin don su riƙa gane shi. Da zarar gyaɗa ta shigo, sai su zazzage abin da ke cikinsu. In a maƙogwaro kaɗai aka yi zazzagar, ƙaiƙayin da ya saba ji ke nan. In kuwa ko'ina a jiki suka zazzage lokaci guda, shi ne abin da idonki ya gani.

Babban mutum yana da jini kamar lita biyar, kuma jijiyoyinsa kullum a ɗan tsuke suke, daidai yadda wannan jinin zai cika su ya zagaya da ƙarfi. Histamin da 'yan'uwansa sukan yi wa jijiyoyin ɓarna iri biyu. Suna saki su buɗe, sai lita biyar ɗin ta kasa cika su. Sannan bangon ƙananan jijiyoyi ya fara yoyo, ruwan jini ya riƙa tsiyaya cikin nama. Kumburin leɓen nan da kika gani, ruwan da ya fice daga jijiya ne. A bori mai tsanani, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke zagayawa zai iya ficewa cikin minti goma. Ba a yanki mutum ba, ba ɗigon jini a ƙasa, amma a wajen zuciya daidai yake da wanda ya yi mummunan zubar jini.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban-ruwa. Injin lafiyayye ne, mai ya cika, amma in ruwan rijiya ya ja baya har bakin tiyo ya fito fili, sai ka ji ƙara ta ƙaru, ruwa kuwa babu. Haka zuciya take. Abin da ya dawo mata shi take turawa, in ya ragu sai ta ƙara sauri don ta cike gurbi, daga bugu 70 ko 80 a minti ta haura 120. Faɗuwar gaban da ya ji ke nan. Ƙwaƙwalwa ce ke fara kokawa, da yake ita ce a sama: jiri, duhun ido, gumi mai sanyi, sannan suma.

Layi ɗaya a wasiƙarki ya fi tsaya mini a rai: ya miƙe zai shiga banɗaki, sai ya zube. Muddin yana kwance, ɗan jinin da ya rage yana samun hanyar komawa zuciya. Da ya miƙe, jinin ya gangara ƙafafu da ciki ya kwanta cikin jijiyoyin da suka riga suka saki, zuciya ta buga ta tarar ba komai. Wani likita a Manchesta ta Ingila, Richard Pumphrey, ya shafe shekaru yana bin bayanan waɗanda irin wannan bori ya kashe. A 2003 ya wallafa cewa wasunsu sun cika ne cikin daƙiƙu bayan an zaunar da su ko sun miƙe tsaye. Shi ne kuma ya nuna tun a 2000 cewa a cikin waɗanda abinci ya kashe, tsakanin ci da tsayawar numfashi ko zuciya yawanci kamar rabin awa ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma a nan ba karin magana kaɗai ba ne.

To dubi abin da muka saba yi in mutum ya faɗi. A ɗago shi a jingina da bango, a yayyafa masa ruwa, wani ya kawo madara ko manja a ɗura masa wai ya kashe dafi, sannan a ɗora shi a acaɓa a zaune, an sa shi tsakanin mutum biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama ajalinsa. Ɗuren yana iya bi ta hanyar iska ya shaƙe shi, zaman acaɓar kuwa na riga na faɗa miki abin da yake yi. A kwantar da shi rigingine, a ɗora ƙafafunsa bisa matashi ko kujera. In yana amai ko ya fita hayyacinsa, a juya shi gefe. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Wanda numfashi ya fi damunsa yana iya ɗan kishingiɗa da ƙafafu a miƙe, amma ba tsayuwa, ba tafiya, ko da ya ce ya ji sauƙi. A ɗauke shi ɗauka zuwa mota ko a-daidaita-sahu, a kwance a kujerar baya.

Inna za ta ce ai ya sha cin tsire, me ya sa sai ranar? Amsar tana cikin wasiƙarki. Motsa jiki mai tsanani, da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, da zazzaɓi, da rashin barci, duk suna sa bori ya fi na kullum muni. Shi ya haɗa biyu a yini ɗaya, ya ɗora ƙuli-ƙulin tsinke uku a kai. Dama kuma sauƙin da borin jiya ya zo da shi ba ya lamunce na gobe.

Daga yanzu shi da gyaɗa sun raba gari, kuma a girkinmu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Tsire da yajinsa, kilishi, miyar taushe, kwaɗon zogale da na rama, dakuwa, kunun gyaɗa, da faten da aka sa wa gyaɗa. Man ƙulin da ake matsa a gida yana ɗauke da ragowar furotin, don haka ƙosai ko awarar da aka soya da shi ma a kiyaye. In zai ci abinci a gidan biki, ya tambaya, ba abin kunya ba ne. Ku koma wurin likitan ku nemi ya tsara muku yadda za ku ajiye allurar adirenalin, maganin gaggawa na irin wannan bori, a gida, ya koya muku yinta. In za ku koma ɗin, ku tafi da Inna, ta ji daga bakinsa. Zai fi miki sauƙi da ki zama ke ce mai gyara mata magana.

TAMBAYA: Likita, ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauye. In aka kawo mana mai borin jini, haidirokotizon (maganin rage kumburi) da Piriton muke yi masa ta allura, kuma suna warwarewa. Adirenalin muna da shi a kabad amma gaskiya tsoronsa muke ji, an ce yana tsayar da zuciya, balle ga mai hawan jini. Ya kake gani?
— Wani ma'aikacin lafiya daga Jihar Jigawa

AMSA: Malam, na ji daɗin wannan tambayar, don ba ku kaɗai ke da wannan tsoron ba, har a manyan asibitoci ina ganinsa.

Waɗanda kuke gani suna warwarewa, akasarinsu borin a fata ya tsaya, kuma ko ba a yi musu komai ba zai lafa. Ga irinsu Piriton ya isa, yana rage ƙaiƙayi da rudu-rudun fata. Amma ba ya tsuke jijiyar da ta saki, ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura. In ma aka tura shi ta jijiya da sauri, yana iya ƙara kayar da jini. Haidirokotizon kuwa sai bayan awanni yake fara aiki, alhali maganar rabin awa muke yi. Shi ya sa a ƙa'idojin da hukumar farfaɗo da marasa lafiya ta Birtaniya ta fitar a 2021 aka cire su biyun daga matakin farko na magance anafilaksis. Mu kam har yanzu hannunmu can yake fara zuwa, don sabo.

Abin dubawa shi ne ko borin ya wuce fata. Murya ta dishe, ko yana kasa haɗiyar miyau, ko numfashi na fita da ƙara. Ƙirji na shaƙewa kamar mai asma. Jiri, suma, bugun jijiya mai sauri marar ƙarfi, ko yaro ya yi laƙwas. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana jim kaɗan bayan cin abin da ake zargi, adirenalin ne maganin, nan take. Kada ka tsaya jiran ganin borin fata, don a cikin mutum goma ana samun ɗaya ko biyu da ba ya fito musu sam. Jan da littattafan Turai ke nunawa ma ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Shafa da hannu ka ji tudun, ka duba cikin leɓe da ƙasan ido. A yara, musamman masu asma, abinci ya fi kama numfashi kafin jini. Faɗuwar jini ta fi yawa a manya.

Ga awon. 'Yar kwalbar da ke kabad ɗinku miligiram 1 ce a cikin mililita 1. Babba da wanda ya haura shekara 12, mililita 0.5. Ɗan shekara 6 zuwa 12, mililita 0.3. Daga wata 6 zuwa shekara 6, mililita 0.15. A cikin tsoka ake yi, a tsakiyar cinya ta gefen waje, ba a ɗuwawu ba, ba ƙarƙashin fata ba. In bayan minti biyar bai farfaɗo ba, a sake. A sa masa oksijin in akwai, a ɗaura ruwan gishiri na asibiti ya shiga da gudu, rabin lita zuwa lita ɗaya ga babba a karon farko, don a mayar da abin da ya tsiyaye.

Adirenalin yana warware duk ɓarnar da na lissafa wa Hajiyar Zariya. Yana tsuke jijiyoyi jini ya taso, ya rage yoyo, ya ƙara wa zuciya ƙarfi, ya buɗe hanyoyin iska, ya kuma hana ƙwayoyin mast ci gaba da zazzaga. Babu wani magani guda da ke yin duka wannan. Tsoron da kuke ji yana da asali: in aka zuƙi kwalbar nan aka tura ta cikin jijiya kai tsaye ba a sirka ba, lallai tana iya hargitsa bugun zuciya har ta kashe. Wannan aikin masu na'urar sa ido ne, ba naku ba. Ta cinya kuwa, abin da aka saba gani shi ne rawar jiki, fuska ta ɗashe, gaba ya yi ta faɗuwa, ya wuce cikin ɗan lokaci. Batun mai hawan jini, ka tuna wanda ke gabanka jininsa ƙasa ya yi. Zuciyar tsoho ta fi jure rabin mililita a cinya fiye da minti goma tana bugawa babu jini.

In ya farfaɗo kada ku sallame shi don ya ce ya ji garau. Kamar mutum ɗaya cikin ashirin borin kan dawo masa bayan awanni ba tare da ya sake cin komai ba. Wanda jininsa ya faɗi, ko sai da aka yi masa allura biyu, ya kwana ƙarƙashin kulawa, ko ku tura shi babban asibiti a kwance. Ku kuma leƙa kabad ɗin yau. Zafi da haske suna lalata adirenalin, in ruwan ya sauya launi ko kwanan watansa ya wuce, a canza.

TAMBAYA: Mahaifinmu yana da shekara 67, yana da hawan jini da ciwon zuciya, yana shan atenolol. Ya daɗe da daina cin miyar da aka sa wa jatan lande don tana sa masa ƙaiƙayi. Kwanaki ya ci soyayyar fara, jikinsa ya yi ƙaiƙayi, sai kuma ƙirjinsa ya danne, ciwon na sauka hannun hagu, yana ta gumi. A asibiti aka ce ƙaramin bugun zuciya ne ya same shi. Fara za ta iya jawo wannan, ko dai dace aka yi?
— Wani ɗalibi daga Maiduguri

AMSA: Ɗana, Allah ya ba Baba lafiya. Ban duba shi ba, amma za ta iya. Fara da jatan lande da ƙaguwa dangin juna ne ta wajen halitta, akwai wani furotin na tsoka mai suna turofomayosin da suka yi tarayya a kansa. Garkuwar da ta ƙi jatan lande tana iya ganin fara ta ce ai shi ne. Har kyankyaso da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki suna da irinsa.

Ta hanya biyu bori ke kai wa zuciya. Ta farko na bayyana ta a sama: jini ya faɗi, zuciya na gudu, ita kanta ba ta samun isasshen jinin da za ta yi aiki da shi. Matashi mai lafiyayyun jijiyoyi yakan jure. Wanda kitse ya riga ya ƙuntata masa jijiyoyin zuciya, ɗan ragin nan ya isa ya ji masa rauni. Ta biyun kuwa kai tsaye ce. Ƙwayoyin mast suna nan a bangon jijiyoyin da ke shayar da zuciya, kuma sun fi yawa a inda kitse ya taru. Abin mamaki, histamin ɗin da ke buɗe jijiyoyin sauran jiki yana iya sa waɗannan su murɗe su tsuke. Wani lokaci ma dunƙulen kitsen ya tsage, jini ya daskare a wurin ya toshe hanya. Wani likita ɗan ƙasar Girka, Nicholas Kounis, shi ya fayyace wannan a 1991, kuma sunansa ciwon yake ɗauke da shi har yau. Ana samunsa ko a wanda jijiyoyinsa lafiya lau, ana kuma samunsa a wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiya. Don haka duk babban da ya yi bori ya haɗa da ciwon ƙirji, a yi masa gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya, da na turoponin a jini, mai nuna ko naman zuciya ya ji rauni, kada a ce ai ƙaiƙayi ne kawai.

Sai batun atenolol. Shi da propranolol da ire-irensu aikinsu shi ne rage wa zuciya jin kiran adirenalin, don ta huta. A ranar bori wannan yana iya zama cikas: zuciyar ba za ta iya ƙara sauri yadda ake bukata ba, allurar ma ba lallai ta kama da wuri ba. Duk da haka ana yin allurar, in ta ƙi ci akwai wata mai suna gulukagon da ake bi da ita a asibiti. Kada Baba ya daina shan maganinsa da kansa, yanke shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin ga mai ciwon zuciya. Ku gaya wa likitan zuciyarsa labarin farar da na jatan landen dalla-dalla, shi zai auna ya ga ko a bar shi a kai ko a sauya. Ku rubuta sunayen magungunansa da abincin da ba ya ci a takarda, ta zauna a aljihunsa.

TAMBAYA: Mu biyar muka ci soyayyen kifi titus a gida. Kafin rabin awa duk fuskarmu ta ɗau zafi, kai na sarawa, gaba na faɗuwa, biyu suka yi gudawa. Da safe kowa ya warke. Duk gidan ne ba ma jituwa da kifi?
— Wata matar aure daga Kaduna

AMSA: A'a Hajiya, laifin kifin ne, ba na jikinku ba. Da wuya mutum biyar su wayi gari da bori iri ɗaya rana ɗaya. Titus da tuna da sadin suna da wani sinadari mai yawa a namansu, histidin. In kifin ya huce daga sanyi ya daɗe, ƙwayoyin cuta sukan mayar da shi histamin. Kun ci histamin ɗin ne da ya riga ya taru a cikin kifi, ba jikinku ne ya fitar ba, shi ya sa alamomin suka yi kama. Titus daga tekun arewacin Turai ake kawo shi a daskare, ki lissafa sau nawa zai narke ya sake daskarewa tsakanin Legas da teburin mai kifi, ga halin wutarmu. Suya ko dahuwa ko banda ba sa kashe histamin, kuma ba dole kifin ya yi wari ba. Wani lokaci dai akan ji yana ɗan cizon harshe kamar an sa barkono. A nan Piriton da ire-irensa suna aiki sosai. Tsofaffi, da masu asma ko ciwon zuciya, da mai shan maganin tarin fuka isoniazid, abin yakan fi tsananta musu, su je asibiti. Ku ci gaba da cin kifinku, a saya wanda yake daskare tauri, a dafa da wuri.

TAMBAYA: Sau uku ke nan ina tashi da leɓe a kumbure, babu ƙaiƙayi. Na bar ƙwai, na bar nono, na bar kifi, bai daina ba. Shekara biyu ina shan lisinopril don hawan jini.
— Wani ɗan kasuwa daga Damagaram

AMSA: Alhaji, ka je wurin likitanka yau, kafin ka sha ƙwaya ta gaba. Na fi zargin maganin a kan abincin. Lisinopril da captopril da enalapril suna sa wani sinadari, biradikinin, ya taru a jiki, ya kumbura leɓe ko harshe ko maƙogwaro, babu ƙaiƙayi babu borin fata. Ya fi samun baƙar fata nesa ba kusa ba, kuma yana iya farawa bayan shekaru ana shan maganin lafiya lau. Magungunan bori ba su cika yi masa tasiri ba. Akwai wasu magungunan hawan jinin da za a mayar da kai. In harshe ya kumbura ko murya ta sauya, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

TAMBAYA: An yi wa 'yata mai shekara 8 gwajin jini an ce yana nuna gyaɗa, alhali kullum tana shan kunun gyaɗa ba abin da ke samunta. Yanzu ina tsoron ba ƙaninta ɗan wata shida. In hana su duka?
— Wata uwa daga Zangon Kumasi

AMSA: Kada ki hana, 'yar'uwa. Gwajin jini yana nuna cewa akwai IgE ne kawai, ba ya nuna ko zai tayar da bori. A nan Gana ɗinku aka yi wani bincike kan 'yan makaranta, aka wallafa a 2013, aka tarar yara da yawa jininsu na nuna gyaɗa amma suna cinta lafiya. An danganta hakan da cutar tsargiya, don garkuwar da jiki ke yi wa tsutsar tana kama da wadda gwajin ke nema. Yarinyar da ke shan kunu kullum ba ta ko tari ta riga ta ba ki amsar da ta fi ta gwaji. Yanke mata gyaɗar na tsawon lokaci ma yana iya jawo abin da kike gudu.

Shi kuwa jaririn, da can likitocin Turai da Amurka cewa suke a jinkirta ba yara gyaɗa. Wani bincike da aka yi a Landan kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, aka fitar a 2015, ya juya maganar. Waɗanda aka hana, kimanin 17 cikin 100 sun kamu kafin shekara biyar. Waɗanda aka fara ba su tun suna jarirai, kimanin 3 cikin 100. Tunda ya cika wata shida ya fara cin abinci, ki dama masa kunun gyaɗa mai laushi, ki fara da ɗan kaɗan a bakin cokali, da safe, ranar da yake lafiya, ki sa masa ido awa biyu. In ba komai, ki riƙa ba shi sau biyu ko uku a mako tare da nono. Ƙwayar gyaɗa guda-guda kam sai ya kai shekara biyar, saboda shaƙewa. In yana da ciwon fata mai tsanani, irin mai bushewa da ƙaiƙayi, ko ƙwai ya taɓa tayar masa da bori, likitan yara ya fara ganinsa kafin cokalin farko.